Gudumar Malam Dabo

Ku yi mini afuwa, wannan ne karon farko da na yi ƙarfin halin rubuta labari. In kun ci karo da kuskure, ku tsallake shi.

Ranar da Murjanatu ta fara ganin Nu'uman, abincin rana ta kai wa babanta, Malam Dabo, a rumfarsa ta gyaran kekuna da ke bakin kasuwar Zango. Ta tarar da wani dogon saurayi ya ɗaga ƙafar kekensa da yatsa biyu yana yi wa mutane bayani. Ɗan tseren keke ne, irin masu bin burtali da kwazazzabo. Ya ce rim ɗin, wato da'irar da taya ke zama a kai, na kabon ne, ba ƙarfe ba. Ba shi da nauyi, ba ya tsatsa, ba ya lanƙwasa, ga sauƙin hawan tudu. Malam Dabo ya tambaya, in ya daki dutse fa? Ya ce in dukan ya yi tsanani tsagewa yake, kuma ba a miƙe shi, sai dai a nemi sabo.

"To ai ba abin arziki ba ne," in ji Malam Dabo.

Murjanatu ta yi dariya a cikin hijabinta. Nu'uman ya waiwayo, sauran bayanin ya ɓace masa.

Tun daga ranar tayarsa ta shiga sacewa kullum da azahar. Lambarta kuwa a wurin ƙanwarsa Hasana ya samo, ajinsu ɗaya a Islamiyya.

Wata rana ya rubuto mata: "Murjanar zuciyata, yau na je garin Babban Mutum na dawo ban ji gajiya ba, don ke nake ta tunani."

Ta mayar masa: "Ka dai riƙa kallon gabanka, Mai Keke. Ni ban shirya jinya ba."

Da iyayensa suka aiko neman izini, Malam Dabo ya ce a dakata. A kunnen Murjanatu ya gaya wa matarsa Inna Kubura cewa yaron da ya zaɓi abin da ba ya gyaruwa, ranar da aure ya ɗan karkace yar da shi zai yi. Shi hankalinsa ya fi kwanciya da Yazid, dillalin hatsi a Mai'adua, wanda ya daɗe yana kamun ƙafa. Murjanatu kuwa abinci ya daina shigar mata.

Ana gab da wani babban tsere da Nu'uman ya daɗe yana shiryawa, ya bar keken a rumfa a duba masa birki. Malam Dabo ya juya ƙafar, ya ga kamar tana ɗan rawa. Hannu ya yi abin da ya saba. Ya kwantar da ita a kan katako, ya ɗauki guduma. Daidai nan Murjanatu ta iso da kwano. Ƙarar da ta ji ba ta ƙarfe ba ce, kamar an taka busasshiyar ƙwarya.

Malam Dabo ya zauna jagwab yana kallon tsagar. Ba ta taɓa ganin babanta haka ba. A garin nan sunansa shi ne jarinsa. Ta fito da waya ta rubuta wa Nu'uman saƙo, ta goge, ta sake rubutawa, ta goge.

Da la'asar ta koma ɗauko kwano. Rumfar ta cika da dattawa, har da Yazid. Nu'uman ya iso, ya durƙusa ya gai da kowa, sannan ya shafa rim ɗin da babban yatsa. Ga shatin guduma nan ɓaro-ɓaro. Yazid ya leƙo, ya tambaya wa ya yi wannan ɓarna.

"Ni ne," in ji Nu'uman. "Jiya na daki dutse ban lura ba. Baba, ai ka faɗa mini. A taimaka a sa mini na ƙarfe."

Malam Dabo bai ɗago kai ba har ya gama ɗaurawa.

Bayan tseren sai Murjanatu ta ji Nu'uman shiru. Ta ɗauka fushi ne, ta sha kuka a ɓoye, daga baya ta daure ta rubuta: "Na ga abin da ya faru da idona. Ka yafe mana."

Amsa ta zo nan take: "Ni ban ga komai ba, Murjanata. Kunya ce ta hana ni magana, na kusa da na ƙarshe na zo. Ki gai da Baba."

Ashe shi ma Baban bai samu sukuni ba. Da safe tana shara ta ji yana ce wa Inna Kubura a aika wa mutanen Nu'uman su zo.

"Yaron da ya rufa mini asiri a gaban kasuwa, ba zai tona na 'yata a cikin ɗaki ba."

Yazid kuwa, Malam Dabo da kansa ya je ya ba shi haƙuri.

An ɗaura auren wata Juma'a bayan an sauko masallaci. Da yamma Malam Dabo ya kira su zaure, ya dafa kan Murjanatu, ya dubi angon da ya kasa ɗago ido.

"Ga ta nan, ɗana. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Suka ce amin a tare, muryarta can ƙasa. Ni kuwa da na ga kowa ya ɗaga hannu yana shafa addu'a, na ɗauki takalmina a hannu na sulale.