Wadda Ta Amsa Kiran Auta

Da magariba aka fara jifan. Injiniya, mai gyaran kwamfuta, ya dawo daga shago ke nan yana cire takalmi, sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Ya ɗauka yaran maƙwabta ne. Na biyun a tsakar falo ya sauka, alhali tagogi duk a rufe suke.

Tun rasuwar matarsa su uku suka rage a gidan: shi, da yayarsa da kowa ke kira Gwaggo, sai 'yarsa Auta. Daga ranar nan, da rana ta faɗi sai jifa, sai a ji kamar ana gunaguni a ɗakin ajiya. Auta ta daina cin abinci, ta koma zama tana kallon bango. Injiniya ya rame, barci ya gagare shi, har ya fara mayar wa mutane kwamfutocinsu babu sukurori. Tsoron ma ya gaji da ji.

Gwaggo ce ta kawo Malam, wani dattijo mai ruƙiyya. Ya daɗe yana karatu kafin Auta ta sandare, wata murya ta tsohuwa ta fito daga bakinta a gajiye.

"Ni ban neme ta ba. Ita ta yi ta kira."

Malam ya tambaya wane kira. Muryar ta ce ita aljana ce, ta yi shekara da shekaru a ɗakin ajiyar nan ba ta taɓa kowa ba, sai yarinyar ta zo ta kunna tsohuwar kwamfutar uwarta. Kullum da magariba tana rubuta abu ɗaya tana kuka, na'urar tana ƙi.

"Ba wanda ya amsa mata, sai na amsa."

Nan take Injiniya ya gane matsalar. Kwamfutar ta lalace, baƙin allon rubuta umarni kawai take nunawa. A cikinta akwai foldar da aka adana sautin muryar marigayiyar, wadda shi da kansa ya sa wa suna muryar mama. Auta ta ɗan koyi aiki a shago, amma bai taɓa nuna mata cewa idan suna yana da fili a tsakani, na'ura takan ɗauke shi sunaye biyu ba. Ta taɓa roƙonsa ya buɗe mata, ya ce sai ya huta.

Aljanar ta ce a bar mata yarinyar, Malam ya ƙi. Ta ce to a bar mata ɗakin, ya sake ƙi, ya ci gaba da karatu. Can ta ce za ta tafi, amma sai ta ji muryar wadda aka hana ta sakat dominta.

Injiniya ya ɗauko kwamfutar. Ya rubuta umarnin, ya sa sunan tsakanin alamar buɗe zance da ta rufewa, "muryar mama", don na'urar ta karɓe shi a dunƙule. Foldar ta buɗe. Ya kunna sautin farko da ke ciki.

Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale jikin ubanta, ta buɗe ido. Falon ya cika da muryar marigayiyar, tana dariya tana faɗa, tana tambayar wa ya bar famfo a buɗe.

Gwaggo ta miƙe ta nufi kicin don ta rufe famfon. Sai da ta kai bakin ƙofa sannan ta tsaya.