Abin da Auta Ta Gani a Kujerar Gaba

Kwana tara ke nan ba a yi dariya a gidan ba. Auta na ɗakin girki tana wanke kofi ɗaya karo na uku lokacin da Umma ta leƙo, idanunta a kumbure.

"Ajiye wannan ki zo falo. Kawunki na jira."

A falo Kawu ya baje takarda a kan tebur, ya ɗora biro a kanta. Yaya, babban wan Auta, yana rakuɓe a kusurwa, kansa a ƙasa.

Ga abin da ya faru. Ranar Asabar Yaya ya ɗauko Auta a motar kamfanin da yake wa tuƙi, zai sauke ta a shagon Kafinta, saurayin da saura wata biyu ta aura, don ta ga gadon da yake haɗa musu. Yaya kuwa yana da wata ɗabi'a da har taƙama yake da ita: ya jingina waya a sitiyari, yana tuƙi yana amsa saƙo da babban yatsa. "Shekara goma ina haka, ko kaza ban taɓa takawa ba," in ji shi. Ran nan saƙo ya shigo, ya sunkuya yana murmushi. Auta ta ƙwalla ihu — "Yaya, gabanka!" — amma ina! Motar ta riga ta hau gefen titi, inda Kafinta ke tsaye a bakin shagonsa yana ɗaga mata hannu.

Ƙafar Kafinta ta dama ta karye gida uku. Likita ya ce sai an yi aiki an sa ƙarfe, in ba haka ba shi da sanda har abada. Kuɗin aikin kuwa ya fi ƙarfin mai goge katako. Kamfanin inshora ya ce zai biya diyya idan kotu ta tabbatar laifin direba ne, kuma shaida ɗaya tak ake da ita, wato wadda ke kujerar gaba.

"Na rubuta miki komai," in ji Kawu. "Shi ne ya faɗo titi bai duba ba. Sa hannu kawai."

"Kawu, a bakin shagonsa yake fa."

"Wa ya tambaye ki? Kina ambaton waya, lasisin wanki ya tafi, aikinsa ya tafi! Wa ke riƙe da gidan nan tun rasuwar mahaifinku? Wa ya yi miki makaranta in ba shi ba?"

Umma ta fashe da kuka. "Ciki ɗaya kuka fito! Za ki tona wa ɗan'uwanki asiri saboda namijin da ko aurenki bai yi ba?"

Auta ta dubi Yaya, tana roƙon ya ce wani abu. Bai ɗago ba. Ta ɗauki takardar ta fita, hawaye na bin kumatunta.

A asibiti ta tarar da Kafinta a kwance, an rataye ƙafar, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Ya karanta takardar sau biyu, ya miƙo mata.

"Ki sa hannu."

"Me? Zazzaɓi ne ke damunka?"

"Sirios nake, ba wasa ba. Ba na so ki shigo gidana da fushin uwa a kanki. Zan koyi aiki a zaune."

"Kai ɗin? Kai da ba ka iya zaman minti biyar? Filis, kada ka ƙara min wani ciwon."

Ya yi ƙoƙarin dariya. Nan zuciyarta ta karye gaba ɗaya. Da ya yi faɗa ne, da ya zagi danginta, da abin ya zo mata da sauƙi. Amma ga mutum an raba shi da ƙafarsa, ana so a ɗora masa laifin, shi kuma damuwarsa kada uwarta ta yi fushi da ita. Tana son Yaya, Allah ya sani. Sai dai ta san abin da idonta ya gani.

Ranar shari'a ba ta rage ko kalma ba. "Waya yake dubawa," ta ce. Umma ta tashi ta bar kotun.

Aka ƙwace lasisin Yaya na shekara biyu, aka ci shi tara, kamfani ya sallame shi. Inshora ta biya, aka yi wa Kafinta aiki. Gida kuwa ya zama wa Auta kurkuku. Aka ɗage aure. Kawu ya daina amsa sallamarta. Kullum da safe sai ta durƙusa ta gaida Umma, Umma ta kau da kai kamar bango aka gaisar. Ta sami aiki a wani shagon magani, albashinta ya zama cefanen gidan, ana ci ba a ce mata sannu. Wata biyar tana haɗiye kukanta, ba ta taɓa mayar da magana ba.

Wata Talata ta je raka Kafinta gashin ƙashi, ta makara. Lif ɗin asibitin ya lalace, ɗakin kuma yana hawa na uku. Tana hawa matakala sai ta tsaya cak. Yaya ne a gabanta, ya goya Kafinta a baya, gumi ya jiƙa masa riga.

"Yaya...?"

Ya sauke shi a kan benci, yana haki. "Sati uku ke nan ina zuwa. Na hana shi gaya miki." Ya share fuska. "Ran nan a falo, so nake ki sa hannu, ba zan ɓoye miki ba. Amma da kin sa, Auta, da yanzu ina kan titi da wayar nan a sitiyari. Wanda zan buge na gaba, gawarsa za a ɗauka. Jiya na faɗa wa Umma haka, ta kwana tana kuka."

Washegari Auta ta durƙusa kamar kullum. Can Umma ta ce, murya a dishe, "Lafiya lau. Ya mai jikin?"

An yi auren bayan wata uku. Kafinta ya koma shagonsa da ƙafafunsa, amma ɗingishin bai bar shi ba, kuma ba zai bar shi ba. Kuɗin diyya sun gyara ƙashi, ba su dawo da tafiyarsa ta da ba. Saƙon da Yaya ya sunkuya ya duba, wani aboki ne ke tambayar sakamakon ƙwallo. Duk mai riƙe da sitiyari ya ajiye waya, domin rayukan mutane ne a gabansa. Wanda kuma aka matsa wa ya yi ƙarya don rufa wa nasa asiri, ya faɗi gaskiya ya yi haƙuri da fushinsu. Fushin zai huce, amma ƙaryar da ta nakasa bawan Allah, wanda ya yi ta da ita zai kwana har ya mutu.