Alamar Tarawa a Ƙarshen Layi

Ranar Litinin aka kawo ƙara cewa tambayoyin jarrabawar kwaleji sun fita. Kafin Laraba, Sufeto ya gaji liƙis, ko shayinsa ya kasa shanyewa.

Mai kula da kwamfutocin kwalejin na tsare tun ranar farko, ga ta da goyon wata biyar a gida. Magatakardan kwalejin ne ya nuna ta, har da takardar da ya buga daga kwamfuta, mai nuna masu izinin buɗe fayil ɗin tambayoyin.

"Ni da ita kaɗai ke iya buɗe fayil ɗin, ranka ya daɗe. Ni kuwa shekara ashirin ina wannan aiki."

Sufeto ya sa aka fito da ita, ya tura mata takardar. Idanunta sun kumbura suntum. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗora yatsa a ƙarshen layi.

"Yallaɓai, ka ga wannan 'yar alamar tarawa? Tana nufin akwai wani da aka ba izini a gefe. Nan ba ya fitowa."

"To a ina yake fitowa?"

"Ku kai ni ofis."

Suka hau bene hawa uku, Sufeto na haki, gwiwarsa na ƙara. Ta zauna gaban baƙin allo, ta rubuta umarni layi ɗaya. Sunaye suka jeru. Ashe uku ne! Na ukun mai kula da laburare, an ba shi izinin karantawa.

"Wane ne wannan?"

Magatakarda ya share goshi. "Ƙanin matata ne. Ai ita za ta iya sa shi."

"Haka ne," in ji ta. Ta sake rubuta wani layin, ranar da aka canza izinin ta fito. "Sha huɗu ga wata. Ranar ina asibiti da yarona, kai ka sa hannu a takardar hutuna."

Sufeto bai ɗaga murya ba, ba shi da ƙarfin hakan. "Malam, kada ka wahalar da ni."

Magatakarda ya zube kan kujera. "'Yata ce. Sau biyu tana faɗuwa. Na ce ya kwafo mata ita kaɗai, shi kuma ya raba wa duniya. Na ɗauka na goge komai, wallahi ban san alamar tana magana ba."

Wani kofur ya sa masa ankwa, ya tasa shi gaba.

Sufeto ya ji kunya ƙwarai, don tun Litinin takardar ke kan teburinsa.

"Ki yi haƙuri, baiwar Allah."

Ta ja mayafi ta rufe gaban rigarta da nono ya jiƙa.

"Zan iya tafiya? Kwana biyu bai sha ba."