Kira Goma Sha Ɗaya, Babu Magana

"Fitar min da tasin nan daga gareji, Wilfrido!"

Yuleidis ko ɗagowa ba ta yi ba. Kaf unguwarsu a Barranquilla babu rewaya mai gyaran wutar mota kamarta, a zafin zuciya ma haka. Saura wata biyu bikinsu ta cire zobensa, ranar da mahaifiyarsa, Doña Emperatriz, ta ce ba ta son suruka mai baƙin mai a farce, gogan naka kuwa ya sunkuyar da kai kamar an ɗinke masa baki.

"Sau goma sha ɗaya na kira ki daga motar nan ina ba ki haƙuri!"

"Sau goma sha ɗaya ka kira ka yi min shiru! Ina ta alo, alo kamar mahaukaciya!"

"Na rantse har kuka na yi, masoyiyata..."

"Kar ka ƙara ce min masoyiya!"

Sai dai hannunta ba ya iya ƙyale abin da ya lalace. Ta faɗa motar a fusace, ta ce wa na'urar nuna hanya ta kai ta kasuwa. Ko gezau. Ta zaro rediyon ta sa mita, wuta lafiya lau, babu inda ya tsinke. Tana ɗaga kai ta hango shi kusa da fitilar rufi: hoton Maryamu mai tsaron direbobi, liƙe da gam daidai kan ramukan makirufo.

"Wa ya manna wannan?"

"Mama ce... ranar bikin direbobi, da fadan coci ya yayyafa wa motoci ruwan albarka."

Ta ɓamɓare hoton a hankali, ta sumbace shi, ta jingine shi a gaban gilashi. Ashe da gaske ya yi magana! Abin mamaki, ranta ƙara ɓaci ya yi.

"Ba da haƙuri a rufaffiyar mota kowane matsoraci ya iya. Kira wani mu gwada, ka kama gabanka."

Ya zauna gaban sitiyari ya danna lambar mahaifiyarsa. Muryar Doña Emperatriz ta cika motar.

"Ɗana?"

"Mama, kina jina sosai?"

"Tar nake jin ka."

"To Yuleidis zan aura. Ranar nan kin wulaƙanta ta na yi shiru, ba zan sake ba. In kin zo coci na gode, in ba ki zo ba... za a ɗaura."

Ƙit! Doña Emperatriz ta kashe wayar.

Bai taɓa musa wa tsohuwar nan ba tun da aka haife shi, Yuleidis ta sani. Hawaye ya zubo mata, ta share da bayan hannu, tana jin haushin yadda har yanzu take son sa.

"Ya gyaru," ta ce. "Matsa, ni zan tuƙa."

"Ina za mu?"

"Gidanta. Ka maimaita ina tsaye a gefenka."