Kifin da Muhsina Ta Naɗe

A makarantar su Muhsina da ke birnin Doha, babu wanda ya kai ta iya zane. Duk inda ka duba a bangon aji biyar, aikinta ne. Ita ma ta san da haka, har abin ya fara hawa mata kai.

Tana da ƙawa mai suna Nanret, 'yar Jos. Su biyu ne kaɗai ke jin Hausa a ajin. Tare suke cin abinci, tare suke 'yar gulmarsu ba mai ganewa.

Wata rana Malam Nuruddin, malamin tarihi, ya shigo da hotuna. Shi mutumin Masar ne. Ya nuna musu dalar Masar, manyan gine-ginen dutse da aka yi wa sarakuna kabari a ciki.

Ya ce, "Mutanen Masar na dā ba sa son gawar sarkinsu ta ruɓe. Sai su cire kayan cikinta. Su rufe ta da wani irin gishiri na tsawon makonni, har ta bushe ƙayau. Sannan su naɗe ta da farin ƙyalle, su sa ta a akwati mai zane."

Ya ɗauko wani farin dunƙule daga aljihu ya nuna musu gishirin. Nanret ta yi dariya.

Ta ce, "Malam, ai wannan kanwa ce. Mamana tana sa ta a cikin wake. In na samu ɗan kifi, zan iya busar da shi haka don baje kolin ƙarshen zango?"

Malam ya tafa hannu. Ya ce, "Madalla, Nanret. Tun da nake koyarwa ban taɓa jin dabara mai daɗin wannan ba. In ya yi kyau, shi zan sa a teburin gaba."

Teburin gaba! Shi ne na bakin ƙofa, wanda iyaye ke fara gani. Kowace shekara zanen Muhsina ake sawa a kai. Nan take ran Muhsina ya ɓaci. Kishi ne, ba wani abu ba.

Da aka fita tara, Nanret ta zo da murna.

Ta ce, "Muhsina, mu yi tare mana. Ni in shirya kifin, ke ki zana akwatin. Kin san ni ko kaza na zana sai a ce buta ce."

Muhsina ta taɓe baki. Ta ce, "Ba na aikin ƙarni. Nawa zan yi, ni kaɗai."

Ba ta tsaya nan ba. Ta bi 'yan aji ɗaya bayan ɗaya tana cewa, "Ku tanadi abin toshe hanci. Kifin Nanret zai kore mu daga makaranta."

Yara suka yi ta dariya. Nanret ta ji. Daga ranar ta koma cin abinci ita kaɗai.

Muhsina kuwa ta ƙulla a ranta sai ta fi ta. Ai Nanret ɗan ƙaramin kifi ta ce. To ita babba za ta yi.

Ta samo kwali mai ƙwari ta haɗa akwati mai siffar mutum. Abbanta ya kai ta kasuwar Souq Waqif ta sayo fenti mai ruwan zinariya da shuɗi. Ta zana manyan idanu masu kwalli. Ta zana fukafukai a ƙirji. Ta zana mutane a jere, fuskokinsu na kallon gefe, kamar yadda ta gani a hotunan Malam. Gaskiya akwatin ya yi kyau, wannan ba a ja.

Amma zane ya cinye mata lokaci. Sai da baje koli ya matso ta tuna da kifi. Ta matsa wa Abba har ya sayo mata ƙato, mai tsawon hannunta.

Umma ta same ta a kicin tana naɗe shi da bandeji.

Umma ta ce, "Ke, ba za ki fasa cikinsa ba? Ina kanwar?"

Muhsina ta ce, "Umma, ba lokaci. Kuma kanwa ai dabarar Nanret ce. Ba zan kwaikwaye ta ba."

Umma ta ce, "Dabarar mutanen Masar dai. Ga kanwa can a kwalba, wadda na zo da ita daga Kano. Ko ki kira ƙawarki ta nuna miki."

Muhsina ta zumɓura baki. Ta ce, "In na naɗe shi da kyau ba abin da zai yi."

Umma ta kalle ta, ta ce, "To, na dai faɗa miki."

Yarinya ta naɗe kifi tam, ta fesa masa turaren Umma, ta rufe akwati. Don kada a yi mata magana, ta kai shi baranda ta ɓoye bayan injin wanki. Barandar Doha fa, inda rana ke gasa ƙarfe har ya ƙi taɓuwa.

Ranar baje koli ta rungumo akwatinta ta shiga motar makaranta. Ba a yi nisa ba direba ya fara waige-waige, ya buɗe tagogi. Muhsina ta yi kamar ba ta ji komai ba. Da ta sauka, kuliyoyin bakin makaranta suka biyo ta a baya suna kuka.

A zaure iyaye sun cika, har da Umma. Kowa ya ga akwatin sai ya tsaya. Malam Nuruddin ya ce, "Masha Allah. Yalla, maza Muhsina, buɗe mu gani."

Ta ɗaga murfi.

Wayyo, wari. Wata mata ta rufe hanci da gyale. Wani yaro ya ruga waje. Bandejin ya jiƙe sharkaf, ruwa na ɗiga. Yaran da ta ce su tanadi abin toshe hanci, ga su nan sun toshe, amma ba don Nanret ba.

Malam ya ce, "Khalas, ya isa, a fita da shi."

Aka kai kifi da gindin akwati kwandon shara. Murfin kawai ya rage a hannunta. Ta je bayan zaure ta zauna tana kuka. Kunya ta ishe ta.

Sai ta ji an zauna kusa da ita. Nanret ce, riƙe da kwalin takalmi. A ciki ga ɗan kifinta, a bushe, a naɗe tsaf, ba wari ko kaɗan. A jikin kwalin akwai wani zane a karkace.

Muhsina ta share hawaye. Ta ce, "Mene ne wannan kika zana?"

Nanret ta ce, "Ido ne. Kowa cewa yake ƙwai ne."

Dariya ta ƙwace wa Muhsina. Sai kuma ta sunkuyar da kai.

Ta ce, "Nanret, ki yafe mini. Kishi na ji da Malam ya yabe ki. Na ɓata ki a wurin 'yan aji, ba ki yi mini komai ba."

Nanret ta ce, "Na ji haushi sosai. Amma ya wuce. Ara mini murfin nan in rufe kunyar kwalina."

Suka goge murfin da sabulu, suka shanya ya sha iska. Suka ɗora shi a kan kwalin. Ya yi masa girma, amma ba wanda ya damu.

Malam Nuruddin ya sa aikin a teburin gaba. Muhsina ta ce, "Malam, a fara rubuta sunan Nanret. Ita ce mai dabarar."

Ya yi murmushi. Ya nuna musu wani hoto mai sikeli. Ya ce, "Mutanen Masar na dā sun yi imani cewa bayan mutuwa ana auna zuciyar mutum da gashin tsuntsu. Shi ya sa suke tsoron zuciya mai nauyi. Taki fa, Muhsina?"

Ta ce, "Ɗazu ta fi kifina nauyi, Malam. Yanzu ta yi sauƙi."

A hanyar gida Umma ta ce, "Kin ga abin da kishi yake yi? Ana iya naɗe shi, a fesa masa turare, amma sai ya yi wari. In an yabi ƙawarki, ki taya ta murna. Baiwarta ba ta rage taki ba."

Muhsina ta ce, "Na gane, Umma."

Washegari da aka fita tara, ta ɗauki abincinta ta je ta zauna kusa da Nanret. Wake ne Nanret ta zo da shi, mai kanwa. Tare suka cinye.