Mai Walda da Lambar Sirrinsa

Mai walda ya shigo caji ofis yana jan matarsa da mayafi, ƙaninsa mai fenti na biye da su yana zuga shi. Tun daga kanta ake jin muryarsa, wai an kwashe masa kuɗi kaf daga asusun banki, kuma duk duniya ita kaɗai ya taɓa gaya wa lambar sirrinsa. A rufe ta, in ji shi, yana komawa gida zai sake ta.

Sufeto ya dube shi sama da ƙasa. "Sakar mata mayafi kafin in fara da kai."

Matar ta rantse ba ta taɓa wayar ba. Ƙanin ya taɓe baki, ya ce dama tun da aka kawo ta idonta na kan aljihun Yaya.

"Kai aka tambaya?" Sufeto ya daka masa tsawa.

A banki wata ma'aikaciya ta duba wa Sufeto kwamfuta, ta ce ba wani ɗan damfara daga nesa ba ne. Da wayar mai walda aka tura kuɗin, da lambarsa, da rana tsaka, ranar aiki. Saƙon da banki ya aiko kuma an goge shi daga wayar.

Sufeto ya yi lissafi. A wannan lokaci matar tana gida, wayar kuwa tana wurin aiki.

Bai gaya wa kowa ba, ya nufi rumfar walda. Ƙarar injin yankan ƙarfe ta kusa fasa masa kai. Nan ya gane abin da ya sa mutumin ba ya magana sai da ihu: injin ya gama da kunnensa tuntuni.

"Duba min abin da ya rage a asusun," in ji Sufeto.

Mai walda ya goge hannu a wando, ya juya baya don ɓoye waya, ya fara dannawa. Kowace lamba ya danna sai ya faɗe ta da ƙarfi, shi a zatonsa a zuci yake yi. Har mai gyaran taya a tsallaken titi ya ɗago kai.

"Wannan ce lambar da ba wanda ya sani?"

"Ya aka yi ka ji?"

"Wa ne bai ji ba? Ina kake ajiye wayar in kana aiki?"

Ya ce tartsatsi ya taɓa ƙona masa wata, shi ya sa yake barin ta a kan tagar shagon ƙaninsa.

Da suka je shagon, mai fenti ya ce shi ko kallon wayar ba ya yi, ranar ma ba ya nan. Sufeto ya ɓare robar bayan wayar ya miƙa masa a hanci. Koren fenti ya bushe a gefen maɓalli, irin wanda ke maƙale a farcensa.

"Mai walda yana fenti ne? Wanda aka tura wa kuɗin ma mun san shi, yana hannu. Ka faɗa, ko shi ya faɗa a gabanka?"

Mai fenti ya amsa laifinsa. Ya ce cacar ƙwallo ce ta cinye shi, ya yi niyyar mayarwa. Matar Yaya kuwa, ya ga ita ce mai sauƙin ɗora wa.

Wani kofur ya buga masa ankwa ya tura ƙeyarsa mota. Sufeto ya umarci mai walda ya je ya sauya lamba, ya kuma koyi rufe baki.

Mai walda ya matsa kusa da matarsa da ta iso wurin, ya sunkuya zai ba ta haƙuri a asirce. Rabin layin ya ji.

Ta gyara mayafinta ba ta dube shi ba. "Ƙara ɗaga murya. Da ka kira ni ɓarauniya, har bakin titi aka ji."