Tauraron da Dokta Ya Sace

Rana na dab da faɗuwa Dokta ya ajiye motarsa a bayan sashen ilimin sararin samaniya na jami'a. Aikin minti biyar ne ya kawo shi. Zai hau kubbar da ke saman ginin, inda aka kafa na'urar hangen taurari, ya ɗauko wani littafi, ya sauko. Akwai ashana a aljihunsa, shi da bai taɓa shan taba ba.

Littafin na wata ɗalibarsa ne. Shekara uku ta yi tana kwana a kubbar nan saboda digirinta na biyu, tana bin wani tauraro mai dusashewa ya dawo, tana rubuta awon haskensa da hannunta. Har abokan karatunta suka laƙaba mata Mujiya. Da ta kawo sakamakon, Dokta ya ce aikin bai nuna ba, ta je ta sake. Bayan wata shida sai ga aikin a mujallar masana, da sunansa shi kaɗai. Ta kai ƙara, ya rantse shi ya yi awon, ita share ƙura kawai take yi. Aka kore ta. Yanzu tana koyar da lissafi a wata ƙaramar sakandare. Shi kuwa hukumar binciken sararin samaniya ta kira shi ya shugabanci sashe guda, ranar Litinin zai kama aiki. Abin da ya rage mai iya tona masa asiri shi ne littafin nan, wanda ta bari a kubbar ranar da aka karɓe mata makulli.

Tsohon mai gadi ya tare shi a gindin bene.

"Yallaɓai, sama za ka hau yanzu? Tun da yarinyar nan ta tafi, rufin can yake juyawa shi kaɗai. Ga shi an yanke wutar wurin tun bara."

Dokta ya yi dariya. "Iska ce, Baba."

"Ni ma abin da na ce ke nan," in ji tsohon. Bai yi dariya ba.

Matakalar ƙarfe ce, tana amsa kowane taku. Dokta ya buɗe ƙofar kubbar ya shiga ba sallama. Warin tsohon man inji da kashin jemage ya tare shi. Na'urar na tsaye a tsakiya, doguwa, lulluɓe da tamfol. Ya haska fitilar wayarsa, ya jawo aljihun tebur. Littafin na nan, baƙin bango, ba ƙura ko kaɗan a kansa.

Ya buɗe don ya tabbatar. Rubutunta ne, jere-jeren lambobi, har zuwa daren da aka kore ta. Ya juya shafi yana zaton zai ga fari.

Awon bai tsaya ba.

Wani hannu ne ya ɗora daga inda ta tsaya. Ƙananan lambobi sirara, da tawada kalar tsatsa, dare bayan dare, shekara biyu cur. Layin ƙarshe na ɗauke da kwanan watan jiya. Ya taɓa shi da yatsa. Tawadar ba ta bushe ba.

Ƙofa ta rufe a bayansa, a hankali, kamar ba a son a tada mai barci.

Wayar ta mutu a hannunsa.

Sai ƙarfe ya fara kuka. Rufin kubbar yana juyawa, ƙiii, ƙiii, tsatsa na zubo masa a wuya. Tagar rufin ta tsage, shuɗin magariba ya leƙo. Tamfol ya zame ya faɗi. Na'urar ta sunkuya, ta juyo, ta kawo wurin sa ido daidai fuskarsa ta tsaya.

Warin man inji ya ɗauke. Wani wari ya maye gurbinsa, kamar na gashi a kan garwashi.

"Duba," in ji wata murya, dab da kunnensa. Ba ta namiji ba ce, ba ta mace ba.

"Wa... wane ne?"

"Wanda ya riga ginin nan zama a nan. Dare dubu tana yi mini sallama. Dare dubu ina jin haƙoranta na kaɗawa don sanyi. Kai ka shigo mini da wuta a aljihu."

Dokta ya nemi addu'a a bakinsa. Ko ɗaya ba ta zo ba.

"Ka rantse kai ka auna shi," in ji muryar. "Sau nawa ya dusashe a shekarar farko?"

Bai sani ba. Bai taɓa sani ba.

Hannu ya sauka a ƙeyarsa. Sanyi ƙalau. Yatsun sun zagaye wuyansa har sun haɗu a maƙogwaro, da saura.

Aka danna idonsa a kan gilashin.

Ga tauraron can, ɗan ja, shi kaɗai a cikin baƙi. Yana girma. Yana matsowa. Ya dusashe, ya dawo.

Ba dusashewa yake yi ba. Ƙiftawa yake yi.

"Tunda naka ne," aka raɗa masa, "tafi da shi."

A ƙasa mai gadi ya fara dukan matakala da sanda, yana kiran sunan Allah da ƙarfi. Yatsun suka ɗan sassauta. Dokta ya fizge, ya bangaji ƙofa da kafaɗa, ya tafi da ka. Bai taka matakala ko ɗaya da ƙafa ba. A gindin bene tsohon ya ja shi waje, gwiwa a goce, wuya duk shatar yatsu.

Ranar Litinin ya je hukumar da sandar dogarawa. Aka miƙo masa takardar kama aiki don ya rubuta sunansa. Ya rubuta, sakatare ya duba, ya ɗago kai.

"Ranka ya daɗe, wannan ai sunan mace ne."

Aka kawo wata takardar. Aka kawo ta uku. Duk yadda ya danne alƙalamin, sunanta ne ke fitowa. A safiyar nan kuma shugaban sashen da ɗalibar ta yi karatu ya tarar da baƙin littafin nan buɗe a kan teburinsa, cikin ofis ɗin da shi da kansa ya kulle.

Kafin shekara ta zagayo an mayar wa ɗalibar digirinta da aikinta, kuma cibiyar kula da taurarin ɗan'adam ta ɗauke ta. Aka ba ta labarin abin da ya sami Dokta. "Ni ban kai ƙararsa wurin kowa ba sai Allah," ta ce. "Amma na sha yin kuka a ɗakin nan da ƙarfi."

Dokta bai kama aikin hukumar ba, ya kuma bar koyarwa. Likitoci sun ce idonsa lafiya lau. Sai dai in 'yarsa ta ja shi tsakar gida ta ce, "Baba, dubi taurari sun cika sama," ba ya ganin komai sai baƙi wuluk, da ɗigo ɗaya ja. Yana ganinsa da rana tsaka. Yana ganinsa a silin ɗin ɗakinsa. In ya runtse ido, ya fi matsowa kusa.